SHARAR KIRSIMETI: INA TAKE ƘAREWA?

'Yan uwa, a duk ƙarshen watan Disamba idan an gama shagalin Kirsimeti a Ingila, hukumomin garuruwa kan shiga wa'azi ga magidanta a kan shara. A ware takarda daban, kwalba daban, gwangwani daban, roba daban. Takardar naɗe kyauta kuma a dunƙule ta a hannu: in ta zauna a dunƙule za ta sake sarrafuwa, in ta warware to akwai roba a jikinta, sai bola. Batir ɗin kayan wasan yara kada a jefa shi cikin shara, domin in injin motar shara ya matse shi yana iya tayar da gobara. Hatta bishiyar da ake kafawa a ɗaki ana karɓarta a Janairu a niƙe ta a yi taki. Babbar bishiyar da birnin Oslo yake aika wa Landan kowace shekara tun 1947 ma haka ake yi da ita.

Gaskiya ɗaya ce, wannan tsari ne mai kyau, kuma ba abin dariya ba ne. Amma tambayar da ya kamata matashi mai tunani ya yi ita ce: waye ya haifi wannan tulin shara tun farko, kuma a ƙasar wa take kwana?

Kamfanonin jari-hujja su ne suke fara talla tun Oktoba, su cusa wa mutum cewa in bai saya ba bai ƙaunaci iyalinsa ba. Kayan ado na roba da ƙyalƙyali, waɗanda babban kasonsu a garin Yiwu na ƙasar Sin ake yin su, ba a ƙera su don su daɗe ba. Kwali cikin kwali, leda cikin leda. Riba ta tafi aljihun kamfani, sannan a juyo kan uwar gida a ce ita ce mai laifi don ba ta wanke gwangwanin wake ba. Wannan wane irin adalci ne?

Sannan sharar da aka ware ɗin ba duka ake sarrafawa a can ba. Shekara da shekaru Sin ce take kwashe robar Turawa, har ta rufe ƙofarta a farkon 2018. Sai aka karkata zuwa Malesiya da Turkiyya. A 2021 ƙungiyar Greenpeace ta gano ledojin manyan kantunan Ingila a jibge, wasu ana ƙona su, a gefen hanyoyin Adana ta Turkiyya. Ka ga kenan, Bature ya jefa robarsa a mazubin da aka ce masa, ya kwanta da zuciya fes, hayaƙin kuwa ɗan talakan wata ƙasa ne yake shaƙa.

Kada ɗan uwa ya ce ina ruwanmu. Tufafin da ake fitarwa daga gidaje bayan biki don a sami wurin sababbi, shagunan agaji suke karɓa, abin da bai saidu ba a ɗaure shi dila-dila a yo Afirka da shi. Kasuwar Kantamanto ta Accra, wadda gobara ta cinye a farkon Janairun 2025, tana karɓar miliyoyin tufafi a mako, kuma da yawansu tsumma ne da ɗan kasuwa ya biya kuɗinsa kafin ya kwance dilar. Abin da ya rage sai kwata da bakin teku. Gwanjon da muke zaɓa a Ƙofar Wambai ɗan gidansu ne. Manyanmu kuma ba su manta da 1988 ba, lokacin da aka jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko na jihar Bendel ta wancan lokaci, sai da gwamnati ta tayar da jijiyar wuya aka kwashe.

Abin da ya yi aiki a can shi ne abin da ya taɓa aljihu. Ingila ta sa kuɗi a kan ledar kanti, fam ɗaya leda 20 a 2015, aka ninka farashin a 2021, kuma ledar da manyan kantuna suke bayarwa ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. A Jamus tun 2003 gwangwanin lemo yana da ajiyar santi 25, sai ka mayar a ba ka kuɗinka. Ruwanda kuwa ba ta tsaya ciniki ba, ta haramta ledar tun 2008. A ra'ayina hana sharar zuwa ya fi raba ta gida huɗu bayan ta zo. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan 1, kashi 60 cikin ɗari daga gidaje. Wane mazubi ne zai mayar da wannan cikin mai jin yunwa?

A nan gida maƙwabtanmu Kirista a Sabon Gari, Jos da Kaduna su ma suna biki, kuma kwatarmu ɗaya da su; ledar da ta toshe ta ba ta tambayar bikin wa aka yi. Abin da Bature yake koya da takardar hukuma, yaron nan ɗan jari-bola da muke raina wa yana yin sa kullum da buhu a kafaɗa. Gwangwanin da ya tsinta shi ake narkarwa a ƙera tukunya, gorar ruwa ta koma ta zoɓo, sauran tuwo ya tafi wa awaki.

Don haka ina kira ga 'yan uwa matasa, kowa a layinsu: a ware wa yaran nan ƙarfe da roba tun daga gida, a naɗe fasasshiyar kwalba kada ta yanke su, kuma a daina cinna wa leda wuta a cikin wannan hazo na hunturu, ga tsofaffi da jarirai suna tari.

Wassalam.