Mace Tagari da Sojan Bakin Dajin Rugu

Sojojin da ake turowa Wagini da ƙauyukan Batsari da Safana, a bakin Dajin Rugu, akwai Kiristoci da dama a cikinsu, kuma yawancinsu sun bar mata a bariki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wa'azin mace tagari yakan tsaya a kan haƙuri kaɗai. Macen da Karin Magana sura 31 ta yaba tana sayen gona, tana saƙa, tana ciniki, tana ciyar da matalauta. Haka matar soja take. A 2021, da aka katse layukan waya a Batsari da Safana, ta yi makonni ba ta ji muryar mijinta ba, amma ta tashi da asuba ta soya ƙosai, ta biya kuɗin makaranta, ta je Zumuntar Mata ta yi wa wata gwauruwa ta'aziyya. Irin wannan mace jari take buƙata, da wanda zai bi mata haƙƙinta in miji ya kwanta dama, kuma samar mata da waɗannan aikin ikilisiya ne. Shi ma maigidan, ceton da yake shaidawa ranar Lahadi a shingen bincike ake gane shi. Yohanna Mai Baftisma ya hana sojoji ƙwace da ƙazafi. Manomin Wagini da 'yan bindiga suka riga suka tatse bai kamata ya sake laluba aljihu a gaban mai kaki ba.