Mari Ba Ya Gyara Yaro

Cikin watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kutsa wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a gadon baya. A watan Oktoba aka tona irinsa a Daura. Abin da ya fi sosa rai shi ne, galibinsu iyayensu ne suka kai su, suna kuma biyan kuɗi.

Ba mugunta ce ta kai iyayen nan can ba, rasa tudun dafawa ne. Yaro ya shekara 15, ya bar makaranta, ya kama kwanan waje da shan ƙwaya, in an yi masa faɗa ya zabura. Uba ya gaji, uwa ta yi kuka har ta gode Allah, sai a ce a kai shi gidan mari. Alhali kuwa sau da yawa abin da ake kira kangara ciwo ne: baƙin ciki mai tsanani, ko firgicin wani abu da ya same shi yana ƙarami, ko taɓin hankali da ya soma tsirowa. Sarƙa ba ta warkar da ko ɗaya.

Gwamnatin Tarayya tana da gidajen horon matasa a Kakuri da Abekuta da Ilori, amma na waɗanda shari'a ta hau kansu ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri kuwa aikinsu magani ne, ba karatu ba. Tsakanin biyun nan akwai giɓi, watau makarantar kwana mai likita da malami ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ba sai an je Turai aron dabara ba. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, kowa tare da ɗan'uwansa. Da rana su je asibiti, da dare su kwana cikin jama'a. Hikimarsa ita ce, kada a raba majiyyaci da danginsa, domin wurinsu zai koma.

Saboda haka kafin uba ya miƙa ɗansa ga kowane gida, ya kamata ya yi tambaya uku. Wane likita ke duba yaran? Wane karatu ko sana'a ake koya musu? Ana barin iyaye su gana da ɗansu su kaɗai, ba mai tsaro a kansu? Gidan da ya kasa amsa ta ukun, akwai lauje cikin naɗi.

Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Allah ya shirya zuriya, amin.