Takaddamar Beli a Shari'un Cin Mutuncin 'Yan Dalit a Indiya

Tun 1950 tsarin mulkin Indiya ya haramta ƙyamar mutum saboda asalinsa, amma 'yan Dalit, waɗanda al'ada ta ajiye ƙasa da kowa, ba su daina shan duka da zagi ba. Don haka Majalisar Dokokin ƙasar ta kafa doka a 1989, wadda sashe na 18 nata ya hana ba da beli tun kafin kamu ga wanda ake tuhuma da irin wannan laifi.

Dalili kuwa a fili yake. Sau da yawa mai ƙara ɗan ƙwadago ne a gonar wanda ya kai ƙara, shaidu kuma maƙwabta ne. Muddin wanda ake tuhuma yana kwana a gida, bakin shaidu ya mutu.

A watan Maris na 2018 Kotun Ƙoli ta sassauta hanin, tana mai cewa ana fakewa da dokar ana ƙazafi. Zanga-zangar ranar 2 ga Afrilu ta ci rayuka, Majalisa kuma ta maido da hanin a watan Agusta. A 2020 kotun ta amince da gyaran, amma ta ce alƙali na iya ba da beli idan takardar ƙara ba ta nuna alamar laifin ba.

Ke nan nauyin ya koma kan ɗan sandan da ya fara rubuta ƙara. Idan ya tsallake kalmar zagin asali, ko bai rubuta cewa a bainar jama'a aka yi ba, shari'ar ta zama ta duka kurum, beli kuma ya zo da sauƙi.