Haraji Da Mu, Rabo Ban Da Mu: Wa Ke Zaɓen Unguwar Da Za A Gyara?

'Yan uwa mazauna Sabo da sauran zangunan Hausawa na ƙasar Kudu.

Kusan kowace shekara mukan ji sanarwa cewa gwamnati ta ware kuɗi domin gyaran unguwannin talakawa, za a gina magudanun ruwa, a haƙa rijiyoyin burtsatse, a gyara makarantu da rumfunan kasuwa, kuma ƙaramar hukuma ce za ta tace ayyukan da jama'a suka nema. Bayan 'yan watanni sai a ga allon ɗan kwangila ya tsaya a wata unguwa, mu kuwa lambatunmu na nan yadda muka san shi, da an yi ruwan sama ya shigo mana har tsakar gida. Abin tambaya a nan shi ne, wa ya yi zaɓen, kuma da wane mudu ya auna? Matsayinmu a fili yake: muddin a ɗaki ake wannan zaɓe, ƙofa a rufe, to wanda ake kira baƙo shi ne zai fara faɗuwa daga takarda.

Bari mu dubi yadda tsarin yake a rubuce, domin rashin sani ya fi dare duhu. Mu ɗauki shirin CSDP, wanda Gwamnatin Tarayya ta gudanar da rancen Bankin Duniya daga 2009 zuwa 2021 a jihohi da dama, ciki har da Oyo da Oshun. A ƙa'idar shirin, jama'ar unguwa ne za su rubuta takardar neman shiga, su zauna taro su jera buƙatunsu daga wadda ta fi matsa musu, su zaɓi kwamitin da zai kula da aikin, sannan su kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin, ko da tsabar kuɗi, ko da kayan aiki, ko da ƙarfin jikinsu. Daga nan sai takardar ta je gaban kwamitin tantancewa na ƙaramar hukuma, kafin hukumar jiha ta amince a saki kuɗi. Babu inda aka rubuta cewa sai ɗan asalin gari.

To ina gizo ke saƙar? A kalma ɗaya ce, wato "jama'ar unguwa". Hukuma ba ta bin gida-gida tana tambaya. Ƙungiyar da ta yi rajista a ofishinta, irin wadda ake kira CDA a nan, ita ce jama'a a wurinta, kuma ita ake aika wa takardar gayyata. Idan unguwarmu ba ta da irin wannan ƙungiya, ko kuwa an cusa ta ƙarƙashin wata ƙungiyar masu gidajen haya da ba mu da ko kujera ɗaya a cikinta, to za a yi taro, a jera buƙatu, a sa hannu, duk da sunanmu, ba mu ji ba ba mu gani ba. Idan kuma takardarmu ta yi sa'ar isa gaban kwamiti, babu wanda zai faɗa mana makin da ta ci ko dalilin da ya sa aka ajiye ta. A irin wannan duhu ne kansila ke tura aiki layin da ya ci ƙuri'a, ciyaman ya tura unguwar ubangidansa.

Abin da ya faru a Legas ya isa darasi. A 2006 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 ga jihar, wani kaso daga ciki domin gyaran unguwanni tara: Agege, Ajegunle, Amukoko, Badiya, Bariga, Ijeshatedo da Itire, Ilaje, Iwaya da Makoko. An tsamo su ne daga wani tsohon jerin unguwanni 42 da aka tsara tun shekarun 1980. Agege, inda dubban 'yan uwanmu suke, ta shiga domin sunanta na cikin jerin. Unguwar da ba a rubuta ba ko maganarta ba a yi ba. Darasi na biyu ya fi ɗaci. A watan Fabrairun 2013 aka shiga Badiya ta Gabas da motocin rusau aka baje gidaje da shaguna fiye da 200, alhali Badiya na cikin unguwannin da aka zaɓa domin a gyara. Ke nan shiga jerin kaɗai bai wadatar ba, sai mazauna suna da baki a kan abin da za a yi musu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mun san amsar da ake ba mu, wani lokaci a fili, wani lokaci da ido: ai ku baƙi ne, ku je garinku a yi muku. Wane irin baƙo ne wannan? An kafa Sabon Ibadan tun 1916, shekara 44 kafin Nijeriya ta samu 'yancin kai. Akwai gidajen da kaka a nan aka haife shi, a nan aka binne shi, jikokinsa sun fi jin Yarbanci a kan Hausa. An ce baƙo raɓa ne, to raɓar da ta shekara ɗari ba ta bushe ba ta zama ruwan gari.

Tsarin Mulkin 1999 ma bai bar wannan magana a buɗe ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama a duk inda ya so a Nijeriya. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar gida da fili a ko'ina. Sashe na 42 ya haramta a hana shi abin da ake ba wasu saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko wurin da ya fito. Sashe na 15 kuwa ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar da cikakken haƙƙin zama ga kowa a kowane yanki.

Sannan mu yi maganar kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 suna karɓar kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, kuma wajen raba musu wannan kaso, yawan jama'a yana da kashi 30 cikin 100. A ƙidayar 2006 ba a tambayi kowa ƙabilarsa ba, inda aka same mu nan aka ƙirga mu. Kawunanmu da na 'ya'yanmu suna cikin lissafin da ke kawo wa ƙaramar hukuma kuɗi duk wata. Ban da wannan, kasuwanni da mayanka da tashoshin mota duk a hannun ƙaramar hukuma Tsarin Mulki ya sa su, kuma a nan muke wuni: mai albasa, mai tumatir, mai goro, mahauci, ɗan kara, kowa da rasit ɗinsa. Ranar karɓar haraji babu mai tambayar takardar asali. Me ya sa sai ranar rabo ake tuna ta?

Kuma wannan magana ba ta ƙabilanci ba ce. Abin da muke nema wa Bahaushen Shagamu shi muke nema wa Bayerabe da Inyamurin da ke Sabon Garin Kano. Maƙwabtanmu talakawa 'yan asalin gari su ma rufaffiyar ƙofar nan tana cutar su, domin ruwan lambatu in ya tashi ba ya tambayar yaren mai gida.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ta haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Duk da jan ƙafar da aka yi wajen aiwatarwa, hukuncin ya ƙara mana hujjar tsare ciyaman da tambaya. Don haka muna kira ga kowace ƙaramar hukuma da ta yi abu huɗu. Ta manna ƙa'idojin zaɓen ayyuka a sakatariya da kasuwanni kafin a fara karɓar takardu. Ta fitar da sunayen duk unguwannin da suka nema da makin kowacce. Ta ba wadda aka ƙi dalili a rubuce. Ta kuma ba mazauna unguwa, duk inda iyayensu suka fito, kujera a taron jera buƙatu, a sanar da taron da harsunan da mutanen wurin suke ji.

Ku kuma iyaye maza da mata, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Kowace unguwa ta yi wa ƙungiyarta rajista, ko ta nemi kujera a wadda ke akwai. A rubuta buƙata a takarda, a kai ofis, a karɓo kwafi mai hatimi da kwanan wata. A adana rasit na haraji. Mata su halarci taro, domin su suka san nisan famfo da asibiti. Wanda katin zaɓensa ke Arewa ya mayar da shi mazaɓar da yake kwana, domin kansila ƙuri'a yake ƙirgawa. Idan an yi shiru, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba mu damar tambaya a rubuce, kuma ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Masu cewa mu yi shiru kada mu tsokano fitina, muna girmama tsoronsu, domin ba a manta Shagamu a 1999 da Idi-Araba a 2002 da Shasha a 2021 ba. Amma takarda mai hatimi ba ta taɓa ƙona rumfar kowa ba. Buhun shinkafar da ake aiko wa fadar Sarkin Hausawa da Sallah kuwa, mun gode, sai dai ba ya maye gurbin magudanar ruwa. Haƙƙinmu muke nema, ta hanyar doka da lumana.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin.