Laima, ɓarawon farantin rana

A Sabon Maci, kan hanyar Maradi zuwa Dakoro, mai cajin salula da farantin hasken rana yake ci. Ranar da farantin ya rage ƙarfi, sai a ɗora wa zafin bazara laifi. Sau da yawa kuwa ɓarnar ta damina ce.

Ƙwayoyin da ke mai da haske lantarki a lulluɓe suke cikin wata siririyar leda mai suna EVA. Leda tana kore ruwan sama, amma tururi yana ratsa ta sannu a hankali. Idan laima ta haɗu da zafi, ledar takan fitar da tsami irin na binegar, wanda ke cin siraran wayoyin ciki, har ta rabu da gilashi.

Masana'antu sun san wannan sarai. Ledar Kapton, wadda ake shimfiɗa wayoyi masu lanƙwasuwa a kanta cikin salula, tana shan laima; shi ya sa ake gasa ta a zafin digiri 120 kafin a yi mata dalma, don kada ta kumbura. Farantin kirki kuma sai ya jure awa 1000 cikin zafin digiri 85 da laima kashi 85 bisa 100 kafin ya samu shaidar IEC 61215.

Ɗan kasuwar da ke saro kaya a Maradi ya nemi wannan lamba a bayan farantin. Kwalayen kuma a ɗaga su bisa katako cikin watan Agusta, nesa da bangon ƙasa.