Wa ke gadin sabar INEC?

Ranar 25 ga Fabrairun 2023, malaman zaɓe a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa sun yi abin da takwarorinsu na faɗin Nijeriya suka yi: ɗaukar hoton takardar sakamako da na'urar BVAS, sannan danna turawa. A faɗin ƙasa sakamakon majalisar tarayya ya riƙa hawa shafin IReV, na shugaban ƙasa kuwa ya maƙale har dare. INEC ta ce kuskuren saitin manhaja ne a sabarta.

Gano irin wannan matsala ne aikin manhajar sa ido. Ana girka ta a kan sabar, tana ƙirga kowane saƙo da ya shigo, da sakannin da ya ɗauka, da waɗanda aka ƙi karɓa. Gazawa na haura iyakar da aka saita, wayar injiniya za ta ɗau ƙara. Girkawar ba wuya. Saita iyakar da gwada ta da cunkoson gwaji kafin ranar aiki, nan gizo ke saƙar.

JAMB ma ta ɗanɗana irin wannan matsalar saba a 2025, ɗalibai 379,997 aka kira su sake jarrabawa.

Mutumin Doguwa da ya sha rana a layi ya cancanci INEC ta wallafa sakamakon gwajin sabarta kafin zaɓen 2027.