Renon Jariri: Aikin Da Ba Ya Jiran Zaman Lafiya

Duk wanda ya san Babban Duhu da sauran garuruwan da ke gefen dajin Rugu, a ƙasar Safana da Batsari, ya san cewa a da mace ba ta koyon reno ita kaɗai. In cikin fari ya tsufa sai ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, inda uwa da kaka da ungozoma za su nuna mata yadda ake riƙon jariri, da wanka, da ba da mama. Hare-haren 'yan bindiga sun watsa iyalai da yawa a wannan yanki. Sau da yawa mai jego takan sami kanta a Batsari ko Dutsin-Ma ko Katsina, ba babba a kusa, ga jariri a hannu.

A shekarar 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Ba shakka yunwa da gudun hijira su ne tushen wannan masifa. Amma akwai abubuwan da uwa za ta iya yi ko da ba ta da ko sisi, muddin an sanar da ita.

Na farko, a sa jariri a mama cikin sa'a guda da haihuwa. Dakashin da wasu ke matsewa su zubar, suna cewa ba shi da kyau, shi ne rigakafinsa na farko. Na biyu, a bar shi da nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa ba jiƙo. Nono yana ɗauke da ruwan da ya ishe shi ko da a bazara ne, ruwan rijiya ko na tafki kuwa shi ke kawo gudawa. Binciken lafiya na ƙasa ya sha nuna rauninmu a nan, na 2018 ya ce kashi 29 cikin 100 kaɗai na jariran Nijeriya ke samun nono zalla.

Na uku, a kiyaye cibiya. Gasa ta da tsumma ko shafa mata toka na iya jawo tsinkau-tsinkau. Haka nan cire belu da askar da ba a dafa ba. Na huɗu, allurar rigakafi: ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, sannan ta ƙyanda a wata 9. Jaririn da ya ƙi kama mama, ko jikinsa ya yi zafi, ko yake numfashi sama-sama, asibiti za a kai shi a ranar.

Ita ma uwar sai an duba ta. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka nuna dangantakar yawan kunun kanwa da gashin jego da ciwon zuciya ga masu jego. Al'ada abar girmamawa ce, amma in ta ci karo da rai sai a sassauta ta.

Bisa ga haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da ƙananan hukumomin Safana da Batsari su horar da ungozomomi, su tura ma'aikata har inda 'yan gudun hijira suke, kada a jira su zo. Hakimai da dagatai da limamai su ja hankalin magidanta, domin mace ba ta zuwa asibiti sai da izinin mijinta da kuɗin mota. Ɗaliban makarantun jinya da na kiwon lafiya kuwa, in sun je hutu su zauna da yayyensu da ƙannensu su faɗa musu abin da suka karanta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuriya, ya dawo da zaman lafiya a ƙasarmu, amin.